Wuta daga Sama da Garma a Hannu

Karatu: Luka 9:51-62

Muna gaishe da ku da kuka kewaye rediyo a tsakar gida, da ku da kuke kwance a asibiti, da ku kuma da tashin hankali ya raba da garuruwanku. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki sai ya buɗe Bisharar Luka sura 9, daga aya 51 zuwa ƙarshe. Idan akwai Sabon Alkawari a harshenku, ko Birom ne, ko Tangale, ko Bura, ko Angas, bari wani yaro ya karanta wa tsofaffi wurin nan bayan mun gama, domin su ji shi da harshen da aka haife su a ciki.

Idan aka ce jaraba, abin da yakan fara zuwa mana a zuciya shi ne gidan burukutu, da matar wani, da kuɗin baiko da aka ba mutum ajiya. Gaskiya ne, waɗannan jaraba ne, sun kuwa ka da mutane da yawa. Amma kowa ya san fuskarsu. Wanda ya nufi gidan giya ya san inda ya nufa. Akwai wata irin jaraba wadda takan zo da riga mai kyau, har mutum ya ga kamar aikin Allah yake yi. Ita ce muke so mu duba yau.

Luka ya gaya mana cewa lokacin ɗaukan Yesu zuwa sama ya yi kusa, sai ya ƙudura a ransa zai tafi Urushalima. Ya san gicciye ne yake jiransa a can. Daga Galili zuwa Urushalima, hanya mafi kusa ita ce ta ratsa ƙasar Samariya, tafiyar kamar kwana uku a ƙafa. Ya aiki waɗansu su riga shi zuwa wani ƙauyen Samariyawa su nemi masauki. Mutanen ƙauyen suka ƙi, don sun ga Urushalima ya nufa.

Wannan ƙiyayya tsohuwa ce. Tun shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu, sa'ad da Assuriyawa suka ci Samariya suka kawo baƙin al'ummai suka zaunar a ƙasar, Yahudawa suke ganin Samariyawa gauraye ne. Samariyawa suna sujada a Dutsen Gerizim, Yahudawa a Urushalima. Fiye da shekara 100 kafin a haifi Yesu, wani shugaban Yahudawa ya rushe haikalin da ke kan Gerizim. To, kowane ɓangare yana da labarin abin da aka yi wa kakanninsa, kowane yaro kuwa da labarin nan ya tashi. Mu da muke zaune a ƙasar da ake tambayar mutum ƙabilarsa da addininsa kafin a ba shi hayar ɗaki, ba ma bukatar dogon bayani.

Da Yakubu da Yohanna suka ji an hana Ubangijinsu wurin kwana, sai suka nemi izini su kira wuta daga sama ta cinye ƙauyen. Ku lura, ba don kansu suka yi fushi ba, don Yesu ne. Suna kuma da abin kafa hujja. A cikin 2 Sarakuna sura 1, sarki Ahaziya na Samariya ya aiki jarumi da mutum 50 su kamo annabi Iliya, wuta ta sauko ta cinye su, ya sāke aiken waɗansu 50, haka ta sāke faruwa. A wannan ƙasa aka yi abin. Yakubu da Yohanna kuwa ba su daɗe da ganin Iliya da idonsu a kan dutse ba, sa'ad da kamannin Yesu ya sāke, yana nan a cikin wannan sura ta 9. Ga himma, ga bangaskiya cewa wutar za ta sauko, ga misali daga Nassi. Duk da haka Yesu ya juya ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye.

A ƙauyen nan akwai mata masu goyo, akwai tsofaffi, akwai yaran da ba su ma ji labarin baƙin ba. Wutar da almajiran suka nema ba za ta tsaya ta tambayi wane ne ya rufe ƙofa ba.

'Yan'uwa, bari mu yi magana a fili. Da yawa daga cikinmu sun binne nasu. Mun ga abin da ya faru a Jos a watan Satumba na 2001, da Nuwamba na 2008, da Janairu na 2010. A 2014 'yan Boko Haram suka sace 'yan mata daga makarantar Chibok, a wannan shekara kuma suka mamaye hedkwatar EYN a Kwarhi, dubban masu bi suka gudu da abin da ke jikinsu kawai. Ƙauyukan da aka ƙone da dare a Filato da kudancin Kaduna da Binuwai ba za mu iya lissafa su a nan ba. Wanda bai taɓa tsayawa a bakin babban kabari ba kada ya yi saurin koya wa masu makoki haƙuri. Amma a daidai wannan wuri ne Shaiɗan yake jiran mai bi. Ba zai ce maka ka yi musun Yesu ba, ya san ba za ka yarda ba. Zai ce maka ka tashi ka kāre sunan Yesu. Zai tuna maka da karin maganar nan ta Hausawa cewa rama cuta ga macuci ibada ne. Sa'an nan zai nuna maka wani direba da ya biyo hanya, ko wani yaro mai kiwo, ko mai sayar da shayi a bakin tasha, wanda bai san kome ba sai dai yana magana da harshen waɗanda suka cuce ka.

Ba mu ce kada mutum ya tsare gidansa ba. Ba mu ce kada a kai ƙara ba. Bulus da kansa ya nemi hakkinsa na ɗan ƙasar Roma sa'ad da za a yi masa bulala ba tare da shari'a ba, a cikin Romawa 13 kuma ya nuna cewa hukuma ce aka ba aikin hukunta mai laifi. Idan hukuma ta yi barci, aikin ikilisiya ne ta tashe ta da babbar murya. Amma a sura ta 12 ta wannan wasiƙa, Bulus ya hana mu ɗaukar fansa da hannunmu, ya ce wannan na Allah ne. Tsaron gida dabam, farautar wanda ba shi da laifi dabam. Saurayin da ya fita da adda yana waƙar sujada, ya dawo da jinin baƙo a rigarsa, ya faɗa cikin jaraba daidai da wanda ya kwana a gidan karuwa, ko da jama'a sun tafa masa.

Ku dubi abin da ya zama ƙarshen 'yan'uwan nan biyu, waɗanda Yesu ya yi wa laƙabi da 'ya'yan tsawa. Yakubu ne na farko cikin manzanni da aka kashe, Hirudus ya sa aka sare shi da takobi, yana cikin Ayyukan Manzanni sura 12. Yohanna kuwa, a sura 8, sa'ad da Filibus ya yi wa'azi a Samariya mutane suka ba da gaskiya, shi da Bitrus aka aika can. Ya ɗora hannu a kan Samariyawa, ya yi addu'a su karɓi Ruhu Mai Tsarki. A hanyarsu ta komowa suka yi shelar bishara a ƙauyukan Samariyawa da yawa. Wa ya sani ko ƙauyen da ya so ya ƙone yana cikinsu? Da Yesu ya ba shi izini a ranar nan, da toka zai tarar.

Suna cikin tafiya sai mutum uku suka yi magana da Yesu a kan bin sa. Na farko ya zo da ɗoki, ya ce zai bi shi duk inda za shi. Yesu bai yaba masa ba. Ya nuna masa cewa ko yanyawa tana da ramin da take shiga, tsuntsu ma yana da sheƙa, shi kuwa ba shi da ɗakin kansa. Daren jiya ma an hana shi masauki. Jarabar wannan mutum ita ce ya bi Yesu ba tare da ya yi lissafi ba. Yau ana wa'azi a wurare da yawa cewa wanda ya bi Yesu zai sami mota da gidan bene. Waɗanda suka kawo mana bishara ba haka suka gani ba. Matasa uku na farko na mishan ɗin SIM sun sauka Legas a ƙarshen 1893, kafin ƙarshen 1894 biyu sun mutu, Walter Gowans a Girku, Thomas Kent a Bida, ba su ga ko mutum ɗaya ya tuba ba. Kakanninmu masu bishara da suka hau duwatsu da ƙafa, suna noma da safe suna koyar da karatu da yamma, su ma ba su tara kome ba.

Na biyu kuwa Yesu ne da kansa ya kira shi. Mutumin ya ce a bar shi tukuna ya je ya binne mahaifinsa. Amsar Yesu tana da nauyi a kunnenmu, domin ya ce a bar matattu su ji da nasu, shi ya tafi ya yi shelar Mulkin Allah. A wurinmu babu abin kunya kamar a ce ɗa bai binne ubansa ba. A wurin Yahudawa ma haka yake. To, Yesu yana koya mana mu wulakanta iyaye ne? Ko kaɗan. Shi ne ya tsawata wa Farisiyawa a cikin Markus 7 don suna fakewa da keɓe dukiya ga Allah su ƙi taimakon iyayensu. Shi ne kuma, yana kan gicciye, ya danƙa mahaifiyarsa a hannun Yohanna.

Yahudawa suna binne mamaci a ranar da ya mutu. Da uban mutumin nan ya rasu a wannan rana, da ba a gan shi a bakin hanya yana hira ba. Saboda haka masana da yawa suna ganin ko dai tsohon yana da rai, ɗan yana cewa a jira sai ya mutu an raba gādo, ko kuwa yana maganar al'adar zamanin ce ta komawa kabari bayan shekara guda a tattara ƙasusuwa a sa cikin akwatin dutse. Ko wanne ne, abin da yake nema shi ne jinkiri. Kalmar da ta ka da shi ita ce "tukuna".

Mun san wannan kalma. Zan yi baftisma, amma bari baba ya mutu tukuna, don shi ne mai riƙe da tsafin gidanmu. Zan daina zuwa wurin boka, amma bari yaron nan ya warke tukuna. Zan mai da gonar gwauruwar ƙanena, amma bari in girbe ta bana tukuna. Akwai kuma ranar jana'iza kanta, sa'ad da dattawan dangi suka ja ɗan fari gefe, bayan fasto ya gama addu'a ya tafi, suka ce saura akuyar da za a yanka wa mamaci don kada ya dawo ya dami gida. Ba maƙiya ne suke wannan magana ba. Baffanka ne, wanda ya biya maka kuɗin makaranta. Shi ya sa take da wuya. Mai bi zai iya ciyar da baƙin makoki, ya ɗauki nauyin gwauruwa da marayu fiye da kowa, ya durƙusa ya gai da dattawa da ladabi, sa'an nan ya ce musu wannan guda ɗaya ba zai yi ba. Gara ya faɗa musu tun tsohon yana da rai, da a bari sai gawa tana kwance kowa yana kuka. Idan ya yiwu kuma, kada ya je shi kaɗai, ya tafi da dattijon ikilisiya wanda dangin suke ganin girmansa.

Na uku ya ce zai bi, sai dai a bar shi ya je ya yi sallama da mutanen gida. A cikin 1 Sarakuna 19, Elisha yana huɗa da shanu, garma 12 a jere shi yana riƙe da ta ƙarshe, sa'ad da Iliya ya kira shi. Ya roƙi irin wannan abu aka bar shi. Amma ku ga sallamar da ya yi: ya yanka shanunsa, ya dafa naman da itacen karkiyar, ya raba wa mutane. Bai bar wa kansa abin da zai koma wa ba. Yesu ya ga zuciyar wannan na uku ba haka take ba, sai ya ba shi misalin mai huɗa da yake waiwaye, ya ce irin wannan bai dace da Mulkin Allah ba. Ku manoman Kaltungo da Biliri da Numan da kuke huɗa da shanu kun fi mu sanin wannan. Da ka juya kai, hannu ya bi, kunya ta karkace, duk kunyar da za ta biyo baya kuma sai ta bi ta. Da damina ta yi nisa, mai wucewa a hanya zai nuna daidai inda ka waiwaya.

Luka bai gaya mana abin da mutum ukun nan suka yi ba. Wataƙila wani yana jinmu yanzu yana cewa shi ya riga ya waiwaya, ko ya riga ya yanka akuyar, ko kuwa yana cikin waɗanda suka tare hanya a ranar rikici. Wasiƙar Ibraniyawa sura 4 ta ce Babban Firist namu an jarabce shi ta kowace hanya kamarmu, bai yi zunubi ba, saboda haka yana jin tausayin kasawarmu. Bitrus ya yi musunsa sau uku, aka kuwa komo da shi aka ba shi kiwon tumaki. Ka je wurin fastonka ko wani dattijo mai riƙon asiri cikin makon nan, ka faɗi abin da sunansa, ku yi addu'a tare. Idan akwai abin mayarwa, ka mayar. A cikin 1 Korintiyawa 10:13 an yi mana alkawari cewa Allah ba zai bari a jarabce mu fiye da ƙarfinmu ba, zai kuma buɗe mafita. A karatunmu na yau mafitar ba wani abin al'ajabi ba ce, hanyar ƙauye na gaba ce kawai, suka bi ta da ƙafa.

A mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu shiga sura 10, inda Yesu ya aiki almajirai biyu biyu ba jaka ba guzuri. Ku karanta ta tun daga gida har aya 37, domin a can za mu sāke gamuwa da wani Basamariye a hanyar Yariko. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.