Lissafin Turjiya da Iko a Wutar Lantarki



Da lantarki ya iso ƙasar Hausa sai Bahaushe ya raɗa masa suna wuta, kuma bai yi kuskure ba, domin kuwa yana haskakawa, yana dafa abinci, yana kuma ƙone gida. Inda aka sami cikas shi ne wajen kalmar ƙarfi. Idan ƙwan fitila ya dushe sai a ce wuta ba ta da ƙarfi, idan dutsen guga ya cinye kuɗin mita sai a ce ƙarfi gare shi, idan waya ta narke sai a ce wuta ta fi ƙarfinta. Kalma guda ke nan aka ɗora wa nauyin abubuwa huɗu, kuma wanda bai rarrabe su ba ba zai iya lissafa ko ɗayansu ba.

A kwatanta da tankin ruwa da aka ɗora a bisa. Tsawon da aka ɗaga shi, shi ne ke ba ruwa turi. Yawan ruwan da ke fita a kowace daƙiƙa shi ne kwarara. Ƙuncin bututun da ke hana ruwan sakewa kuwa, ita ce turjiya. Haka abin yake a cikin waya. Ana auna turi da bolt, kwarara da amfiya, turjiya da om. Na huɗunsu shi ne iko, watau yawan aikin da lantarkin ke yi a daƙiƙa guda, ana auna shi da wat. Duk sunayen masana ne: Volta na Italiya, wanda Hausa ta mai da harafin farko na sunansa "b" da yake ba ta da irinsa, da Ampère na Faransa, da Watt na Sikotilan, sai Georg Ohm na Jamus.

Shi wannan Ohm malamin makaranta ne. A shekarar 1827 ya buga littafin da ya nuna cewa idan aka raba turi da kwarara, abin da ya fito shi ne turjiya. Manyan masanan ƙasarsa ba su yi marhabin da aikin ba da farko, sai a 1841 ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society da ke Landan ta ba shi lambar girma. Ƙa'ida ta biyu ita ma gajera ce: idan aka ninka turi da kwarara, an sami iko.

To, ga misali. Wutar da ake kai wa gidaje a Nijeriya bolt 230 ce. Idan butar dafa ruwa tana jan amfiya 8.7, a raba 230 da 8.7, turjiyarta ta kama om 26 da 'yan kai. A ninka su kuma, ikonta ya kama wat 2,000. Butar nan idan ta yi rabin awa a kunne ta ci yunit ɗaya a mita. Ma'aikacin da ya gane wannan ya san abin da ke cin albashinsa a ƙarshen wata, ya kuma daina zargin fitilun gidansa.

Wannan lissafi shi ne ke bayyana abin da yakan sami waɗanda suka dawo daga karatu a Amurka da kayan lantarki. Can wutar gida bolt 120 ce. Dutsen guga mai wat 1,200 yana jan amfiya 10, turjiyarsa om 12 ke nan. Turjiyar nan a jikinsa take, ba ta san an sauya ƙasa ba. Da an jona shi a bolt 230 sai kwarara ta haura amfiya 19, iko ya kai wat 4,400, kusan ninki huɗu na abin da aka ƙera shi ya ɗauka. Sai hayaƙi, sai asarar kuɗin guzuri.

Amma inda lamarin ya fi muni shi ne ɗakunan kwanan ɗalibai da gidajen haya. Fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila, wanda ake amfani da shi a nan, iyakarsa amfiya 13. A ninka 13 da 230, an sami wat 2,990, a ce 3,000 don sauƙi. Yanzu a haɗa butar nan mai wat 2,000, da dutsen guga mai 1,000, da rishon lantarki mai 1,500 a kan mahaɗi ɗaya. Jimla wat 4,500, watau kusan amfiya 20. A nan ne fis ya kamata ya tsinke, don haka aka sa shi. Sai dai sau da yawa akan tarar wani gwani ya riga ya cire shi ya ɗaura zaren tagulla a gurbinsa, wai don kada wuta ta riƙa ɗaukewa.

Abin da gwanin nan bai sani ba shi ne abin da James Joule na Ingila ya gano wajen 1840: zafin da waya ke yi ba daidai da kwarara yake hawa ba, da kwarara sau kanta yake hawa. Idan kwarara ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. Daga amfiya 13 zuwa 20 zafin ya zarce ninki biyu, robar da ke rufe da waya ta yi laushi, sa'an nan ta kama, galibi a bayan labule ko ƙarƙashin katifa inda ido ba ya kai.

Har ila yau wannan ƙa'ida ce ta sa ake ɗauko wuta daga madatsar Kainji a kan bolt 330,000. Idan aka ɗaga turi sau goma, kwararar da ake bukata don isar da iko iri ɗaya za ta ragu sau goma, asarar da ake yi a hanya ta ragu sau ɗari. Daga nan taransifomomi su yi ta sauko da turin mataki-mataki, har ya dawo bolt 230 a bakin soket ɗin ɗaki.