Gorunan ƙanƙara da ke cikin akwatin likita

Jawabi ga ɗaliban makarantun yaƙi da jahilci, maza da mata. Malamai su karanta shi da ƙarfi cikin aji, kowa ya ji.

 

Yau ba maganar taki ko ta iri za mu yi ba. Maganar wani akwati za mu yi, wanda kowa cikinku ya taɓa gani. In ranar lamba ta zo, likita na isowa bisa moto, da akwatin nan rataye ga kafaɗa. Ba ya aje shi rana. Ba ya bari yara su taɓa shi. Cikinsa akwai ƴan kwalabe na maganin rigakafi. Kewaye da kwalaben akwai goruna 4 na roba, masu faɗi kamar ƙaramin allo, cike da ruwan da ya daskare. Ma'aikatan lafiya na kiran su akimilate da Faransanci. Mu za mu ce musu gorunan ƙanƙara. Su ne batunmu.

Maganin rigakafi ba kamar ƙwayar ciwon kai yake ba, wadda ake sa wa aljihu a yi tafiya da ita. Shi abu ne mai rauni. Mafi yawansa yana son sanyi tsakanin digiri 2 da digiri 8. Don ku gane, zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. Cikin bazara, watan Afrilu da na Mayu, ma'aunin zafi na wuce 40 a inuwa, wata rana har 45. Ruwan randa, komi sanyinsa, bai kai sanyin da maganin ke so ba.

In zafi ya taɓa shi, ƙarfinsa na raguwa, kuma ba ya dawowa ko an maida shi cikin sanyi. Abin da ya fi muni shi ne ido ba ya ganin ɓarnar. Ku manoma ne, kun san irin gyaɗa da ya mutu cikin rumbu. Ga shi nan kamar mai kyau, sai an shibka sannan a ga gona fayau. To haka mataccen magani yake. Uwa ta yi tafiya da goyo, yaro ya sha allura ya yi kuka, an rubuta cikin karne. In ƙyanda, wadda wasunmu ke ce ma dusa, ta shigo gari, sai ta kama shi kamar ba a yi mishi komi ba. Daga nan mutane su ce lamba ƙarya ce, su daina kai ɗiyansu. Hasarar ta zama biyu.

Wani dattijo zai ce: mu da anka yi mana lambar agana ba mu ga wanga wahala ta ƙanƙara ba. Yana da gaskiya. Maganin agana busasshe ne, yana jure zafi har wata guda. Shi ya sa anka iya kai shi ko'ina, har anka bayyana ƙarewar agana a duniya cikin 1980. Amma magungunan da ake yi wa yara yanzu suna da yawa, kuma kowane da halinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa babban shirin rigakafin yara cikin 1974. Nijar ta soma nata cikin 1987. Tun daga loton nan maganar sanyi ta zama rabin aikin.

Ku dubi nisan tafiyar da maganin ke yi. Ƙasashen waje ake yin shi, da yawa a Indiya. Jirgin sama ke kawo shi Yamai, a sa shi cikin manyan ɗakunan sanyi. Daga Yamai mota ta ɗauka. Zuwa Maraɗi ya fi kilomita 650. Zuwa Damagaram wajen 900 ne. Daga babban gari a rarraba ma ƙananan garuruwa, har ya iso firigo na gidan likitan da ke kusa da ku. Da can firigon kananzir ne, yanzu da yawa na aiki da hasken rana. Amma daga gidan likita zuwa ƙauyenku babu lantarki bisa hanya, babu firigo bisa moto. Gorunan nan kaɗai ke riƙe da maganin. Likitoci na ce ma wanga tsari sarƙar sanyi. Ni na fi ganin shi kamar igiyar guga. In ta tsinke wuri guda, ko da kusa da bakin rijiya ne, guga ya tafi.

To yaya gorar ke aiki? Ruwa ne kawai cikinta, ruwa mai tsabta. Ba a sa gishiri, don gishiri na sa sanyin ya wuce ƙa'ida. Ba a cika ta har baki, don ruwa in ya daskare yana kumbura, yana ƙaruwa da kusan kashi 1 cikin 10. In an cika ta maƙil sai ta tsage. Ana sa ta cikin firigo mai daskarar da ruwa, ta yi kamar awa 24, ta zama dutse. Saboda haka gidan likita na buƙatar goruna kashi biyu: wasu na cikin daji da likita, wasu na daskarewa don aikin gobe.

Ga wani lissafi ga masu son lissafi. Zafin da zai narkar da kilo 1 na ƙanƙara daidai yake da zafin da zai ɗaga lita 1 ta ruwa daga digiri 0 zuwa digiri 80. Wato kusan tafasa ke nan. Ƙanƙara na shanye zafi da yawa kafin ta narke. Kuma muddin akwai sauran gutsuren ƙanƙara cikin gorar, sanyinta na nan bai motsa ba. In gutsure na ƙarshe ya narke, daga nan ne ruwan ke soma ɗumi.

Shi kuwa akwatin ba ya yin sanyi da kansa. Aikinsa tare zafi. Bangonsa mai kauri ne, an cusa wani abu kamar soso a ciki, kamar yadda ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi ɗakin kwano sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙa'ida, ana gwada akwatunan ga zafin digiri 43. Ƙaramin akwati na kafaɗa dole ya riƙe sanyi aƙalla awa 15, na tafiya mai nisa kuwa awa 30. Manyan akwatuna da ake sa wa mota na riƙewa kwana 2, wasu kwana 4. Amma ku ji da kyau: wanga lissafi na akwatin da ba a buɗe ba ne. Duk buɗewa ɗaya, iska mai zafi ta shiga. Shi ya sa likita ke sa soso ga bakin akwatin, ya soka kwalbar da yake aiki da ita cikin soson, sauran na ƙasa a rufe.

Wani zai tambaya: me ya sa ba a sayi ƙanƙarar leda ta kasuwa ba, irin wadda masu kifi da masu nono ke zubawa bisa kayansu? Ƙanƙarar leda in ta narke ruwa ke kwarara. Takardar da ke jikin kwalba ta jiƙe ta ɓalle, ba a san sunan maganin ba, ba a san ranar ƙarewarsa ba. Kwalbar da ba ta da takarda zubar da ita ake yi. Ita kuwa gora ruwanta na cikinta. Da marece a wanke ta, a maida firigo, a sake aiki da ita shekara da shekaru. Ƴan kasuwarmu masu aika kifi da nama nesa, da za su yi koyi, su daskarar da ruwa cikin gorunan roba masu marfi, da sun rage sayen ƙanƙara kullum, kayansu kuma ba su kwana cikin ruwa ba.

Yanzu ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Sanyi ma na kashe magani. Mu mutanen ƙasa mai zafi ne, muna zaton in sanyi ya yi yawa ai alheri ne. Ba haka ba ne. Gorar da anka fitar yanzu daga firigo sanyinta na iya kai digiri 20 ƙasa da sifiri. In ta jingina da kwalba, maganin ya daskare. Akwai magungunan da daskarewa ɗaya tak ke lalatawa. Cikinsu akwai allurar da ake kira Penta, mai tare cuta 5, wadda ake yi wa jariri ga sati 6, da sati 10, da sati 14. Akwai ta sarƙewar haƙora da ake yi wa mata masu ciki. Akwai kuma ta zazzaɓin cizon sauro, wadda anka soma yi a Gaya cikin 2024. Cikin ruwan Penta da na sarƙewar haƙora akwai wani gari mai laushi da ke ƙara musu ƙarfi. In ya daskare sai ya dunƙule, ba ya sake haɗuwa. Likita na iya gane shi in ya girgiza kwalbar ya aje kusa da wata da anka daskarar da gangan: lalatacce na saurin kwantawa ƙasa, kamar tsaki cikin kunu.

Saboda haka likitan kirki ba ya ɗauko gora daga firigo ya jefa akwati kai tsaye. Yana jera su bisa tebur, ya jira su soma zufa. Sannan ya ɗauki kowace ya girgiza kusa da kunne. In ya ji ruwa na motsi, ƙanƙarar na kai da komowa a ciki, to ta yi daidai. Ya shafe ta, ya jera ga bangon akwati, kwalabe a tsakiya. Wanga jira na cin lokaci da safe. In kun ga likita ya ɗan makara, wata sa'a abin da ya tsaida shi ke nan. A ganina gara makarar rabin awa da saurin da zai kawo mana daskararren magani.

Ku da kunka koyi karatu, akwai abin da za ku iya dubawa da idonku. Jikin kwalba ko bisa marfinta akwai wani ɗan da'ira mai launi, da ɗan murabba'i a tsakiyarsa. An soma sa wagga alama cikin 1996, ga maganin shan inna da ake ɗigawa baki, don shi ya fi kowane tsoron zafi. In murabba'in ya fi da'irar haske, zafi bai ɓata maganin ba. In launinsu ya zama ɗaya, ko murabba'in ya fi duhu, ba a aiki da shi. Ku roƙi majo ya gwada muku wata rana, cikin ladabi, ba wai kuna tuhumarsa ba. Sai dai alamar zafi kawai take faɗi, ba ta faɗin daskarewa.

Akwai magani ɗaya da kuka sani wanda ya fi sauran juriya, shi ne na sanƙarau mai suna MenAfriVac. Nijar da Mali da Burkina Faso ne sunka fara babban aikin lamba da shi cikin 2010. Cikin 2012 anka yarda a riƙe shi kwana 4 babu ƙanƙara, in zafi bai wuce digiri 40 ba, kuma anka gwada haka a arewacin Benin. Wanga rangwame nasa ne, kada a auna sauran da shi.

To mu mutanen gari, ina namu aikin? Agogon ƙanƙara na tafiya tun daga loton da likita ya rufe akwati. In mai shela ya faɗi rana, a taru da wuri. Kada likita ya zauna gindin icce yana jira har rana ta take tsaka, ana aike gida gida. Iyaye maza, ku ne ke ba da izini, ku ba da shi tun da dare, ku ɗauke ma mata aikin safiyar nan. Maganin ƙyanda gari ne, sai an dama shi da ruwansa. In an dama, bayan awa 6 ko in an tashi aiki, abin da ya rage zubarwa ake yi. Kwalba ɗaya ta yara 10 ce. Likita ba zai kori yaro don shi kaɗai ya zo ba. Amma in an buɗe ta don yara 3, rabon yara 7 ya tafi banza, alhali wataƙila suna nan cikin gari.

Maigari ya zaɓi wuri mai inuwa ta ƙwarai, zaure ko gindin babban icce, inda rana ba za ta biyo akwatin ba in ta juya. A hana yara buɗe shi, a hana manya zama bisansa.

Sai maganar da ke da ɗan nauyi. Cikin bazara, balle in azumi ya faɗo cikinta, kowa na sha'awar ruwan sanyi. Wasu na roƙon likita gora ɗaya su sa cikin randa. Wasu, masu faɗa a ji, na aika ruwansu ko namansu a aje musu cikin firigon gidan likita. Ƙishirwa ba laifi ba ce, amma wanga roƙo bai dace ba, kuma likita na jin nauyin hana babba. Kada mu sa shi cikin wagga kunya. Akwatin da anka yi don goruna 4, in an cire ɗaya, ba zai kai lokacinsa ba, kuma akwai wani ƙauye gaba da ke jira. Firigon kuwa duk buɗewa na rage mishi sanyi. Ruwan cikin gorar ma ba na sha ba ne, ya yi watanni a ciki.

In yaro ya tsinci gora da ta faɗi bisa hanya, kada a yanke ta a yi mazubin mai ko abin wasa. A kai ma maigari, shi kuma ya aika ma majo da wanda zai je kasuwa. Wadda ta tsage ma a kai, majo ya san ta fita lissafi ya nemi wata.

Iyaye mata, kafin likita ya tashi, kowace ta buɗe karnen ɗanta ta karanta ranar komowa. Wadda ba ta kai ga karanta kwanan wata ba tukuna, ta kawo karnen aji ranar karatu mai zuwa, malam ya karanta tare da ita.