Rafin Da Ba A Auna Ba: Jawabi Ga Makiyaya Da Fataken Shanu A Gadarif



Maganarmu ta yau kan ruwa ce. Kogin Rahad da na Dindir daga duwatsun Habasha suke gangarowa. Su cika da damina, su tsinke da rani, sai gurabe nan da can. In sun yi ambaliya, su da ƙananan rafuka da ake kira kor, ruwan ya kwanta a fadamun da Larabawa ke ce wa maya. Ciyawar rani daga nan take fitowa. Don waɗannan fadamu da namun dajin da ke cikinsu aka killace gandun Dindir a 1935, aka kuma sa shi cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamun duniya a 2005.

To, an kafa ma'auni a Hawata a kan Rahad, wani kuma a Giwaisi a kan Dindir. Amma galibin rafukan da ke shayar da fadamu ba su da ma'auni. Ta yaya ma'aikatan ruwa ke sanin abin da suke kawowa? Ƙiyasi suke yi, ta hanya uku.

Ta farko lissafin ruwan sama. Milimita 1 a kan murabba'in kilomita 1 lita miliyan 1 ke nan. A ce rafi yana tattara ruwan fili mai murabba'in kilomita 100, aka yi ruwa milimita 600 a damina: lita biliyan 60 ta zuba. Amma nawa ya isa fadama? In aka ce kashi 1 cikin 10, biliyan 6; in aka ce 1 cikin 20, biliyan 3. Kun ga da alƙalami kawai rabin ruwan ya ɓace. Mu kuwa mun san baƙar ƙasar Gadarif: ruwan farko tsagar ƙasa ke shanye shi, sai laka ta kumbura ta rufe kafin rafi ya taso.

Ta biyu aro. A ɗauki lissafin kogin da ke da ma'auni a ɗora wa maƙwabcinsa. Wannan yana tafiya daidai ne kurum in ƙasarsu da gangarensu da itatuwansu sun yi kama. Tun da aka fara noman tarakta a yankin nan a shekarun 1940, an sare daji mai yawa, kuma ruwa ba ya gudu iri ɗaya a gona da daji. Yana kwaso laka ya cike bakin fadama.

Ta uku shaida. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat, da aka fara ɗauka tun 1972, suna nuna faɗin fadama shekara bayan shekara. Amma zurfi sai an je wurin. Yayin da ambaliya ta rataye a reshen itace, da zanen laka a gindinsa, su ke faɗin inda ruwa ya kai. Da wannan alama, da faɗin rafin, da gangarensa, ake fitar da yawan ruwan da ya wuce.

Nan ne muke da baki. Da irin wannan ƙiyasi ake yanke inda za a haƙa hafir, inda za a tare rafi, da filin da za a ba manomi. In takarda ta ce rafi ba ya kawo kome, sai a nome mashaya a toshe burtali. Shanu su matsa cikin gandun da aka hana kiwo, a kama su, ko su rame a karyar da su a kasuwa.

Saboda haka muna roƙon kowane ardo abu uku. A kafa turke mai zane a gefen rafi. A sa yaro mai karatu ya rubuta, da boko ko da ajami, ranar da ruwa ya zo, inda ya kai, da watan da fadama ta ƙafe. A kuma zauna da tsofaffi su lissafa shekarun babbar ambaliya da na fari, irin na 1984. Mai waya ya ɗauki hoto. Ran da masu safiyo suka zo, mu tarye su da littafi a hannu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mana dukiya.