Bulok ɗin kolet: yadda za ka fitar da kan noti ba tare da awo ba

 Yau kan bulok ɗin kolet zan yi magana, don masu ƙaramin injin milin a gida.

Ka san rodi mulmulalle ba ya zama lafiya a bayis. Ka matse shi ya mirgina, ka ƙara ƙarfi ya samu tabo. To kolet hannun riga ne na ƙarfe mai tsage-tsage, yana rungumar rodin ta kowane gefe. Shi kuma bulok gidansa ne, akwai mai gefe 4, akwai mai gefe 6.

Misali kana son kan noti. Sa rodin a mai gefe 6, ka yanke fuska ɗaya, ka kwance bayis, ka juya bulok ɗin zuwa gefe na gaba. Kowane juyi digiri 60 ne cif. Mai gefe 4 kuma digiri 90.

Ni ER32 nake ba mai farawa shawara, domin saitinsa yana kama rodi daga milimita 2 zuwa 20, kowane kolet yana da sassaucin milimita 1. Shi 5C sai rodin ya zo daidai girmansa.

Amma fa a kula. Ɓarɓashin ƙarfe ɗaya a ƙarƙashin bulok ya isa ya karkatar da fuska, sifana ta ƙi shiga. Goge kafin kowane juyi. Sannan ka kafa abin tokare a bayis, don bulok ya riƙa komawa wurinsa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya tsare mana yatsu.