Yatsan da muka dangwala, ina ya tafi?

Jawabin da ɗaya daga cikinmu ya gabatar a zaman tattaunawa da matasa a Karofane, gundumar Buza, jihar Tawa

 

Bari in fara da tambaya. A cikinku wa bai taɓa dangwala yatsa a wata na'ura ba? Lokacin rijistar katin zaɓe gabanin zaɓen 2020, hukumar CENI ta ɗauki hotonmu da zanen yatsunmu. In za ka sayi layin waya, sai ka ba da katin ɗan ƙasa. In ɗanka ya aiko kuɗi daga Abijan ko Libiya, sai an rubuta sunanka da lambarka. In masu rabon tallafi suka zo, su tambayi ƴaƴanka nawa, awakinka nawa, sau nawa aka ɗora tukunya jiya. Duk mun amsa. Amma wa ya tambaye su ina ake ajiye amsoshin nan, wa ke iya ganinsu, kuma har yaushe?

Mutumin ƙauye ya fi na Yamai ba da bayanansa, don shi ne ke bin layin tallafi. Mai jin yunwa kuwa ba ya cewa a'a. In an ce ya amince, a tuna cewa buhun gero na gabansa lokacin da ya amince ɗin.

Kada ku ɗauka wasa ne. A 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta bayyana cewa bayanan ƴan gudun hijirar Rohingya da aka tattara a Bangladesh sun isa hannun gwamnatin Myanmar, wato wadda suka gudo daga gare ta. Lambar waya ana canza ta. Yatsa fa, da shi za a kai ka kabari.

Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira, wadda kuke ji ana kira AI. Na'ura ce da ake ciyar da ita bayanai masu yawa har ta koyi tsinkaye da kwaikwayo. Abu biyu ke damuna game da ita a nan wajenmu. Na farko, in na'ura ce ke tace jerin mabuƙata, gwauruwar da aka cire sunanta wa za ta tunkara? Maigari bai sani ba, magajin gari bai sani ba, sai a ce mata “haka na'ura ta fitar”. Na biyu, da ɗan guntun saƙon murya na WhatsApp ana iya kwaikwayon muryar mutum. Ku yi tunanin tsohuwa a Karofane ta ji muryar ɗanta da ya tafi cin rani yana kuka, wai an kama shi, a aiko jika hamsin. Wace uwa ce za ta tsaya bincike?

To, doka fa? Muna da ita. Nijar ta kafa dokar kare bayanan sirri a watan Mayu na 2017, aka sake ta a Disamban 2022. Akwai kuma hukumar HAPDP da aka ɗora wa aikin sa ido. Dokar ta ba ka haƙƙin sanin dalilin da ya sa ake ɗaukar bayananka, da haƙƙin ganin abin da aka rubuta a kanka, da neman a gyara shi in kuskure ne. Sai dai da Faransanci aka rubuta ta, hukumar kuma tana Yamai. Daga Karofane zuwa can, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa talaka ya bar wa Allah.

Wasu sun nuna ana iya taka wa manya birki. A 2023 Kenya ta dakatar da Worldcoin da ke ɗaukar hoton ƙwayar idon mutane tana ba su ɗan abin hasafi. A Yulin 2024 Najeriya ta ci tarar kamfanin Meta dalar Amurka miliyan 220 kan bayanan jama'a. A watan ne kuma Tarayyar Afirka ta amince da tsarinta kan AI, sannan dokar Tarayyar Turai ta fara aiki ranar 1 ga Agusta.

Amma mu yi hattara da abin da muke roƙo. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta tanadi ɗauri kan ɓata suna. A 2022 aka cire ɗaurin, a Yunin 2024 aka maido shi. Ke nan in an zauna rubuta dokar AI ba mu a wurin, tana iya fitowa ta tsare bakin ɗan ƙasa, ta bar mai kwasar bayanansa yana walwala.

Ga abin da muke nema. A fassara dokar 2022 da Hausa da Tamajaq da sauran harsunanmu, a karanta ta a gidajen rediyon karkara na Buza da Madawa da Keita. A samar da wurin kai koke a kowace gunduma. Sannan a rubuta ƙarara cewa duk hukuncin da ya taɓa abincin mutum ko ƴancinsa, sai ɗan Adam mai suna da ofis ya sa hannu, kuma ana iya ƙalubalantarsa.

Ku kuma da kuka yi karatu, aikinku ya fara tun yau. In masu rijista sun zo, ku tsaya kusa da iyayenmu, ku tambaya cikin ladabi: wa ya aiko ku, me za a yi da bayanan, wa za mu nema in an samu kuskure? A gida kuma ku shirya wata kalma da ku kaɗai kuka sani da ƴan uwanku na waje. Duk muryar da ta nemi kuɗi ba ta faɗe ta ba, a kashe waya a kira lambar da aka sani.

Allah ya kare mu, ya ba mu damina mai albarka.