Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

Uwargida a Talata Mafara, amarya a Bakura, iyayenmu na Maradun, sannunku da aiki. Zancenmu na yau a kan wurin da ake jin nauyin ambata ne, wato dubura. Ku yi haƙuri da ni, lalura ce.

A wajenmu, da mace ta ga jini a bayan gida, ko ta ji tsiro ko ƙaiƙayi a wurin, sai a ce basir ne, a nemo jiƙo. Sau da yawa kuwa basir ɗin ne. To amma akwai ciwon daji na dubura da ke farawa da waɗannan alamu sak, kuma ya fi kama mata bisa maza. Yawancinsa ƙwayar cutar HPV ke kawo shi, wadda aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta a Nijeriya cikin Oktoba 2023.

A da, maganinsa tiyata ce, a cire duburar, mace ta koma yin bayan gida a jaka ta gefen ciki. A 1974 wani likita a Amurka, Norman Nigro, ya nuna cewa in an haɗa gashi da maganin daji na allura, ciwon kan narke ba tare da wuƙa ba. A kan haka ake har yau.

Kada kalmar gashi ta firgita ki. Ba garwashi, ba wuta. Wani haske ne mai ƙarfi da ido ba ya gani, na'ura ke harba shi kina kwance na 'yan mintoci, kwana 5 a mako, har mako 5 ko 6. Fatar wurin takan yi zafi, har ta saɓule, daga baya ta warke. Sai dai hasken bai san mai ciwo da mai lafiya ba, ga mafitsara da hanji da gaban mace duk a maƙwabtaka. Dole likita ya san iyakar ciwon kafin ya auna.

Nan ne amfanin hoton da ake kira PET. Za a ce kada ki ci abinci kamar awa 6, a yi miki allurar wani sukari mai ɗauke da ɗan haske, ki kwanta shiru awa guda. Shi daji mayunwaci ne, ya fi sauran jiki zuƙar sukari, don haka duk inda ya ɓuya sai ya haska a hoton. (Ban ce shan sukari ke kawo shi ba fa.) Ciwon nan yana son gangarawa kaluluwar gindin cinya da ta cikin ƙugu, wata ma ba ta kumbura ba balle hannu ya ji ta. In ta haska, sai a ƙara mata ƙarfin gashi. In ciwon ya kai hanta, tsarin maganin ma sauyawa yake. Mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa tun kafin allurar.

Ƙarfin sukarin nan yana raguwa da rabi cikin ƙasa da awa 2, shi ya sa na'urar ba ta nisa da inda ake haɗa shi. A Legas aka fara kafa ta a ƙasar nan, kuma da tsada. Wadda ba ta da hali kada ta ce ta haƙura da magani. Da hoton CT ko MRI ake tsara gashin mafi yawan majinyata, kuma likitoci kan haɗa da gindin cinya don kandagarki.

Matakin farko ba ya buƙatar Legas. Jini ko tsiron da ya wuce mako biyu zuwa uku, ki gaya wa maigida, ku je babban asibitin Mafara ko asibitin tarayya na Gusau, ki nemi mace ta duba ki in kina jin nauyi. In an yi shakka, za a ɗebi ɗan naman a auna, a tura ki sashen gashi na asibitin koyarwa na Sakkwato ko na Zariya. Don Allah kada a bari wanzami ya yanke tsiron, ko a ɗaure shi da zare. Maigida, in kana kusa da rediyon, izini da kuɗin mota a hannunka suke.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.