Abin da Ka Sayo, Shi Ka Shuka

Jawabi kan tattalin muhalli a gida da kasuwa, ga jama'ar Fadan Kagoma da sauran 'yan Nijeriya

 

Maganarmu ta yau ta shafi abin da kowane magidanci da kowace uwargida ke yi a kowane mako, watau cefane da sayayya. Mutane da yawa in sun ji an ce kare muhalli, sai su ɗauka aikin hukuma ne da masana. Haƙiƙa hukuma tana da nata rabon, amma babban rabo yana hannun mai riƙe da kuɗin cefane. Duk kuɗin da ka miƙa a kasuwa, umurni ne ka ba mai sayarwa ya ƙaro irin abin da ka saya. In ka sayi daddawa, ka ce a bar ɗorawa a tsaye. In ka sayi gawayin ɗorawa, ka ce a sare ta.

Arzikin wannan yanki

Fadan Kagoma, hedkwatar masarautar Gwong a Ƙaramar Hukumar Jama'a, tana cikin yankin da ya fi yawancin Arewa samun ruwan sama. Ga doya da acca da masara, ga rogo da gwaza, ga kuma citta. Tun 1927, sa'ad da Kafanchan ta zama mahaɗar hanyoyin jirgin ƙasa, amfanin gonar wannan yanki yake kaiwa wurare masu nisa. Mafi yawan cittar da Nijeriya ke nomawa daga kudancin Jihar Kaduna take fitowa, musamman Jama'a da Jaba da Kachia da Kagarko.

Ba sai an tuna muku abin da ya faru a daminar 2023 ba, lokacin da annoba ta faɗa wa citta, ta ruɓe a ƙasa, manoma da yawa suka rasa iri da jari. Wannan cuta ce ta shuka, kuma ba mu ɗora laifinta a kan leda ko gawayi ba. Amma ta nuna wa kowa cewa kuɗin makaranta da na asibiti da na biki duk a cikin ƙasa suke. Wanda ƙasa ke ciyar da shi, wajibi ne ya san abin da yake zuba mata da abin da yake cire mata.

Leda

Mu fara da leda. Uwargida ta shiga kasuwa hannu biyu, ta sayi tumatir a leda, gishiri a leda, manja a leda, sa'an nan a haɗa mata duka cikin wata babbar leda. Kafin rana ta faɗi, ledojin nan sun gama aikinsu, sun koma juji. Daga juji iska ta kwashe su, ko kuma a ɗebe su tare da taki a kai gona.

Leda ba ta ruɓewa kamar ganye. Rana tana farfasa ta ne ƙanana-ƙanana, ta zauna cikin ƙasa shekara da shekaru, tana tare saiwa, tana hana ruwa ratsawa. Akuya da saniya suna haɗiye ta saboda ɗanɗanon gishiri ko mai da ke jikinta, ta dunƙule a tumbi, dabba ta yi ta ramewa ba a san dalili ba. Ku tambayi mahauta abin da suke tararwa in sun feɗe. A cikin gari kuwa, ita ke toshe lambatu, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, zazzaɓin cizon sauro ya biyo baya. Ƙona ta ma ba mafita ba ce, domin hayaƙinta guba ne ga huhu. Saboda haka a daina hura wuta da leda, a kuma daina ƙulla koko ko alale mai zafi a cikinta.

Maganin abin yana hannunmu tun kaka da kakanni: kwando da lefe, ƙwarya da faifai, jakar tufa da buhu mai ƙwari. A je kasuwa da kwano mai murfi domin nama da niƙa, da kwalba domin manja da man gyaɗa. Duk kwandon da aka saya, kuɗinsa ya shiga aljihun mai saƙar gora ko tukurwa na ƙauyenmu.

A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan mutum-mutumi na yumɓu a ƙauyen Nok, cikin ƙasar Jaba, maƙwabtanku. Masana sun tabbatar da cewa masu wannan sana'a sun rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Abin da suka bar mana ƙasa ce aka gasa, ba ta cutar da gona ko dabba, duniya kuma tana alfahari da ita. Ya kamata mu tambayi kanmu abin da na baya za su tono a jujinmu.

Har yanzu yumɓu bai daina amfani ba. Randa da tulu suna sanyaya ruwa ba tare da wutar lantarki ba, domin ruwan da ke tsattsafowa ta jikinsu yana bushewa ya tafi da zafi. Da wannan hikima ce wani malami ɗan Jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a shekarun 1990: a sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, kayan miya su yi kwanaki ba su lalace ba. A tafasa ruwan sha, a adana shi a randa mai murfi da moɗa mai tsabta. Wanda ya sayi ruwan leda a hanya kuwa, ya riƙe ledar har ya sami wurin zuba shara.

Itace da gawayi

Abu na biyu shi ne makamashi. Duk mai bin hanyoyin kudancin Kaduna yana ganin buhunan gawayi jere a bakin titi, suna jiran motocin da za su kai su birane. A irin ƙonawar da ake yi ta binne itace a ƙasa, sai an ƙone itace ninki biyar ko fiye kafin a sami ma'auni ɗaya na gawayi. Masu saye sun fi son gawayi mai nauyi, mai nauyin kuwa daga itatuwa masu ƙwari yake fitowa, irin su kaɗanya da ɗorawa da ƙirya. Kaɗanya takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, kana ta ci gaba da bayarwa har jikoki su ci. Gatari kuwa a yini ɗaya yake gamawa da ita.

Mun san ba don sha'awa mai ƙona gawayi yake shan hayaƙi a daji ba, ba kuma don sha'awa uwargida take girki da itace ba. Tsadar kananzir da iskar gas ta kai inda ta kai. Amma akwai abin da kowane gida zai iya yi, kuma riba ce ga aljihu. Murhu mai duwatsu uku yana barin yawancin zafi ya bi iska. Murhun da aka kewaye da laka, ko ingantaccen murhu na ƙarfe, yana tattara wuta a gindin tukunya, itace kaɗan ya isa. A yi girki da busasshen itace, a rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare, a kashe wuta da zarar an sauke. Totuwar masara da ƙirare ma makamashi ne. Wanda yake da halin sayen tukunyar gas, ya saya.

Wannan magana ta shafi lafiya ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara su suka fi shaƙarsa. A fitar da murhu inda iska ke kaɗawa, kada a goya jariri a zauna cikin hayaƙi.

In buƙatar itace ta kama, a sari reshe a bar gindi. A dasa itatuwa masu saurin girma, kamar malaina da dalbejiya, a bayan gida da iyakar gona. Gandun dajin Nimbia da ke gabas da Kafanchan shaida ne cewa itace ma amfanin gona ne, ana shuka shi, a yi renonsa, a girbe. Har wa yau, a daina cinna wa daji wuta domin farautar ɓera da gafiya. Ciyawa da ganyen da wuta ke cinyewa su ne manomin citta ke lulluɓe gonarsa da su domin ta riƙe laima.

Abincin da muke saye

Abu na uku shi ne abin da muke sawa a tukunya. Bishiya ba ta tsira daga gatari sai in tana kawo wa mai ita kuɗi tana raye. Saboda haka mai sayen daddawa da man kaɗe da zuma da tsamiya, mai gadin daji ne ko bai sani ba. Acca tana yi a ƙasar da ba ta da ƙarfi sosai, ba ta kuma neman takin zamani mai yawa. Abincin da aka noma kusa da mu ba a ƙona mai da yawa wajen ɗauko shi, ba ya zuwa cikin gwangwani da kwali, kuɗinsa kuma a garinmu yake kwana. A sayi abin da za a iya cinyewa, a shanya rarar kuɓewa da tumatir da barkono lokacin da suke araha. Ɓawo da sauran abin da ke ruɓewa a tara su a rami tare da toka da kashin dabbobi, su zama taki.

Akwai kuma maganar maganin ƙwari. Wasu suna zuba maganin feshin gona a cikin wake da masara domin kada su yi ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan guba da aka samu a ciki. Abin da baƙo ya ƙi, shi muke dafa wa 'ya'yanmu. Alhali kuwa akwai buhu mai ninki uku da ke hana iska shiga, ƙwari su mutu da kansu ba tare da magani ba. Duro ko jarka mai tsabta da aka toshe sosai ma haka take yi. Wanda zai sayi maganin feshi, ya duba lambar rajistar hukumar NAFDAC, ya nemi shawarar malamin gona. In maganin ya ƙare, a ɗauraye robar sau uku a juye ruwan cikin injin feshi, a huda ta. Kada a wanke ta a rafi, kada kuma a mai da ita mazubin ruwa ko manja.

Araha ba ta ado

Abu na huɗu gajere ne. Bokitin da zai fashe cikin wata biyu ya fi mai ƙwari tsada, domin sau da yawa za a saye shi. Fitila mai aiki da hasken rana ta fi tocilan mai cin batir, wanda in ya mutu ake jefarwa inda yara ke wasa. Takalmi in ya tsinke a kai wa mai gyara, riga a kai wa tela, fartanya a kai maƙera. Tsohon ƙarfe da gwangwani da roba a ware su a sayar wa 'yan gwangwan, su kai inda za a narke su.

Rabon hukuma

Gwamnati ba ta naɗe hannu ba. Bayan da aka jibge guba daga ƙasar waje a garin Koko a 1988, an kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a wannan shekara. A 1999 aka kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a 2007 kuma hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli. A watan Yuni na 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a daina amfani da robobin da ake jefarwa bayan amfani sau ɗaya a ma'aikatu da ofisoshinta. Jihar Legas ta haramta farin mazubin abinci na soso a watan Janairu na 2024. A sauran ƙasashen Afirka, Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya kuma a 2017, kasuwanninsu ba su daina ci ba.

Amma doka ba ta bin kowa zuwa kasuwa, ba ta kuma shiga madafa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon iyayenmu sarakuna su ƙarfafa tsohuwar al'adar hana sare itatuwa masu 'ya'ya. Shugabannin kasuwa su keɓe wurin zuba shara, su raba mai ruɓewa da marar ruɓewa. Ƙungiyoyin mata su yi adashin murhu da tukunyar gas. Malaman makaranta su sa kowane aji ya dasa bishiya ya kula da ita, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Jama'ar Fadan Kagoma, da ku sauran 'yan'uwa da wannan ƙasida za ta kai gare ku, daga Sakkwato zuwa Maiduguri har bakin teku, ranar kasuwa mai zuwa kowa ya fita da kwandonsa da kwanonsa. Kafin ka miƙa kuɗi, ka tambayi kanka daga ina abin nan ya fito, kuma ina zai koma in ka gama da shi. Ƙasar nan gado muka same ta tana ciyarwa, haƙƙi ne a kanmu mu miƙa ta ga 'ya'yanmu tana ciyarwa.